Yadda tsinken gilashi ke zana fuskar ƙwayar halitta tana da ranta

Wani ɗalibin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ya aiko mini da tambaya mai rassa uku. Ya ce ya ji ana ɗaukar hoton ƙwayoyin halitta masu rai da wani siririn tsinken gilashi, har a ga abubuwan da madubin ƙara girma na yau da kullum ba ya iya nunawa, kuma wai tsinken ba ya ma taɓa ƙwayar. Yana son ya san ta yaya gilashin da babu lensi a jikinsa zai ga wani abu, da dalilin da ya sa masana ba su wadatu da madubin ilektiron ba, sannan ko wannan na'ura za ta amfani ɗakin gwaji irin wanda yake koyon aiki a ciki.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara fahimta. Abu na farko da za ka ajiye a ranka shi ne, tsinken nan ba ya gani, kuma haske ba shi da hannu a hoton da yake samarwa. Aunawa yake yi. Yana sauka kusa da fuskar ƙwayar, ya auna tsayin wurin, ya tashi, ya matsa gaba kaɗan, ya sake aunawa, har sai an tara dubban awo, sannan kwamfuta ta jera su ta fitar da taswirar tudu da kwari na wannan fuska. Sunan na'urar a taƙaice SICM, ma'anarsa madubin da ke bin saman abu yana auna gudanar ayon, wato ƙananan ƙwayoyin gishiri masu ɗauke da cajin lantarki a cikin ruwa. Amma kafin in shiga yadda take aiki, ya kamata ka san ramin da aka ƙirƙire ta domin ta cike, domin a nan ne amsar reshe na biyu na tambayarka take.

Madubin da kake duba jinin masu zazzaɓi da shi, ko da ka ɗiga mai ka juya zuwa lensi mai lamba 100, yana da iyakar da babu gwanintar maƙeri da za ta ture. Tun a shekarar 1873 Ernst Abbe, a garin Jena na ƙasar Jamus, ya bayyana cewa haske ba zai iya rarrabe abubuwa biyu ba idan tazarar da ke tsakaninsu ta gaza kusan rabin tsawon zangon hasken. Hasken da idonmu ke gani zangonsa yana tsakanin nanomita 400 da 700, don haka iyakar tana faɗawa wajen nanomita 200. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Jar ƙwayar jini faɗinta ya kai maikuromita 7 zuwa 8, wato nanomita 7,000 zuwa 8,000, shi ya sa kake ganinta sarai. Sai dai yawancin abin da ke gudana a fuskar ƙwaya ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba: 'yan yatsun da ke tsirowa a saman ƙwayoyin hanji da na ƙoda kaurinsu wajen nanomita 100 ne, ramukan da ƙwaya ke haƙawa a tantaninta domin ta haɗiye abu daga waje su ma haka, shi kansa tantanin kaurinsa bai wuce 'yan nanomitoci ba. Duk waɗannan a madubinka hazo ne kawai.

Madubin ilektiron, mai amfani da ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron a maimakon haske, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ginawa a Balin a 1931, ya tsallake wannan iyaka da nisa, kuma har gobe babu mai ja da kaifin hotonsa. Matsalarsa ita ce ilektiron ba ya tafiya mai nisa a cikin iska ko ruwa, don haka dole a zuƙe iskar da ke cikin na'urar. Ƙwaya mai rai kuwa mafi yawanta ruwa ce. Kafin a saka ta sai an sandarar da ita da sinadari, an busar da ita, an yayyafa mata ƙurar zinariya ko wani ƙarfe, ko kuma an daskarar da ita farat ɗaya cikin tsananin sanyi. Abin da za ka samu hoton gawa ne, mai kyau ƙwarai, amma na lokaci guda. Wanda yake son ya fahimci yadda tsokar saniya ke motsi, aka miƙa masa kilishi, zai koyi wani abu game da zaren nama, amma ba zai taɓa ganin motsin ba. Kuma ba za ka iya komawa ga wannan ƙwayar bayan awa ɗaya ka ga abin da magani ya yi mata ba.

A 1986 Gerd Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka fito da wata hanya, madubin AFM, wanda ke lalube da wani kaifaffen tsini kamar yadda makaho ke lalube hanya da sandarsa. Wannan yana aiki a cikin ruwa, ana kuma duba ƙwayoyi masu rai da shi har yau. A kan abu mai tauri babu kamarsa. Amma fuskar ƙwaya taushinta ya fi na kindirmo, kuma duk sandar da ta dogara da taɓawa dole ta danna. Tsinin yakan kwantar da 'yan yatsun nan, ya lotsa tantanin, sau da yawa abin da ke fitowa a hoto shi ne ƙashin zaren furotin da ke ƙarƙashin fatar, ba ita fatar yadda take kwance ba.

To, a nan tsinken gilashi ya shigo. Paul Hansma da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara su ne suka fara bayyana na'urar a 1989, amma wanda ya mayar da ita kayan aikin masu nazarin ƙwayoyi masu rai shi ne Yuri Korchev na Kwalejin Imperial da ke Landan, tun daga 1997.

Bari in fara da tsinken kansa, domin duk aikin a bakinsa yake. Asalinsa bututun gilashi ne mai faɗin kimanin milimita ɗaya, mai rami a ciki. Ana ɗaure shi a wata na'ura da ke riƙe bakunansa biyu, hasken leza ya gasa tsakiyarsa har ya yi laushi, sai na'urar ta fizge shi gefe biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga mai alewa tana jan alewa mai zafi tana sirancewa har ta tsinke, ya ga abin da ke faruwa. Bututun ya rabu gida biyu, kowanne da tsini, kuma abin mamakin shi ne ramin da ke ciki ba ya toshewa, yana sirancewa ne tare da gilashin. Bakin ramin yawanci faɗinsa nanomita 50 zuwa 100 ne idan gilashin burosiliket ne, kuma da gilashin kwaz ana iya sauka zuwa 'yan gomomin nanomita ko ƙasa da haka. Gashin kan mutum ya fi wannan baki faɗi sau ɗaruruwa. Ba za ka iya ganin bakin da ido ba, ba kuma za ka gan shi a madubin haske ba. Yadda muke sanin faɗinsa a aikin yau da kullum shi ne mu auna yawan tirjiyar da yake yi wa lantarki.

Ana cika tsinken da ruwan gishiri irin wanda ƙwayoyin ke kwance a cikinsa, a zura siririyar wayar azurfa mai rufin sinadarin kuloraid a ciki, a tsoma wata wayar irinta a cikin farantin da ƙwayoyin suke. Idan aka saka ɗan ƙarfin lantarki tsakanin wayoyin biyu, misali milibolt 200, ayon za su riƙa gudana ta bakin tsinken, tunda ba su da wata ƙofa sai ita. Tsinken da tirjiyarsa ta kai om miliyan 100 zai ba da gudanar da ta kai nano'amfiya 2, abin da bai kai ya kunna komai a duniya ba, amma na'urar ƙara ƙarfin sigina tana jin sa sarai.

Ka ɗauki kara mai rami ka hura iska ta cikinsa, sannan ka riƙa kawo tafin hannunka kusa da ɗaya bakin a hankali. Tun kafin tafin ya taɓa karan za ka ji iskar ta fara tirjewa a bakinka, saboda hanyar fitarta ta ƙuntata. Wannan shi ne sirrin na'urar gaba ɗaya. Tantanin ƙwaya na kitse ne, ba ya barin ayon su ratsa shi yadda suka ga dama. Muddin tsinken yana can sama cikin ruwa, gudanar lantarkin tana nan daram. Da zarar bakinsa ya zo kusa da tantanin, tazarar da ba ta wuce kusan faɗin bakin ba, sai hanyar ayon ta matse, gudanar ta fara raguwa. Mai aiki yakan umarci kwamfuta cewa da zarar raguwar ta kai wani ɗan kaso, yawanci ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, ta tsayar da tsinken, ta rubuta tsayin da ya tsaya. A misalinmu, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nano'amfiya 2 shi ne fiko'amfiya 10, kuma a kan wannan ɗan bambanci duk hoton ya rataya. Abin da ke ɗaga tsinken da sauke shi kuwa wani dutse ne da ake kira fiyezo, wanda ke miƙewa ko ya tsuke gwargwadon lantarkin da aka ba shi, da daidaiton da ya kai nanomita ko ƙasa.

A shekarun farko tsinken yana tafiya ne a kwance, yana bin fuskar ƙwayar layi bayan layi a tazara ɗaya. Wannan ya yi aiki a kan ƙwayoyi masu shimfiɗaɗɗiyar fuska, amma yana da rauni babba: tsinken ƙasansa kawai yake ji, ba ya jin gefensa. Idan ya tarar da tudu mai tsaye kamar bango, sai gefen gilashin ya banke shi kafin bakin ya san da zamansa, ƙwayar ta yage ko tsinken ya karye. A 2009 Pavel Novak da Korchev da abokan aikinsu suka warware wannan da salon da ake kira na tsalle. Tsinken yana aiki ne kamar allurar keken ɗinki: ya sauko a tsaye, ya tsaya inda gudanar ta ragu, ya koma sama sosai, sai yana can sama sannan a matsa zuwa wuri na gaba. A duk lokacin da ya koma sama yana sake auna cikakkiyar gudanar, don haka ko wayoyin azurfar sun ɗan sauya hali cikin awoyin aiki, ma'aunin ba ya ɓacewa. Da wannan salo suka zana gashin ƙwayoyin ji na cikin kunne, waɗanda ke tsaye a jere hawa-hawa kamar matakala, da kuma saƙar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da aka raina a faranti. A ganina wannan shekara ce na'urar ta balaga, domin daga nan ne ta iya tunkarar ƙwayoyin da masana suka fi ɗokin gani.

Game da kaifin hoton, ƙa'idar da Johannes Rheinlaender da Tilman Schäffer, masu bincike a Jamus, suka fitar ta nuna cewa abubuwa biyu suna rarrabuwa idan tazararsu ta kai kusan ninki uku na rabin faɗin bakin tsinken. Tsinke mai baki nanomita 100 zai rarrabe abubuwan da ke da tazarar wajen nanomita 150, mai baki nanomita 30 kuwa wajen 45. A awon tsayi kuma ya fi haka kaifi sosai. Saboda haka kada wani ya gaya maka cewa wannan na'ura ta fi madubin ilektiron gani. Ba ta fi shi ba, kuma a kan abu mai tauri ba ta kai AFM ba. Darajarta a wani wuri take: bayan an gama ɗaukar hoton, ƙwayar tana nan da ranta cikin ruwanta, ba a shafa mata rini ba, ba a haska ta da hasken da zai gajiyar da ita ba, kuma za ka iya komawa kanta sau goma, sau hamsin, na tsawon awoyi, kana kallon 'yan yatsunta suna tsirowa suna janyewa, ramukanta suna buɗewa suna rufewa.

Akwai kuma wata daraja ta biyu wadda ni ta fi burge ni, kuma ita ce ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Tsinken bututu ne, yana da rami, kuma duk abin da ke da rami ana iya aika abu ta cikinsa ko a zuƙo abu da shi. Tun a shekarun 1970 Erwin Neher da Bert Sakmann a Gottingen suka nuna cewa idan aka manna bakin tsinken gilashi a tantanin ƙwaya za a iya sauraren buɗewa da rufewar ƙofar ayon guda ɗaya tak, wato 'yar kafar furotin da ke cikin tantanin wadda ayon ke bi su shiga ko su fita, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1991. Sai dai a wancan salo mai aiki yana manna tsinken ne inda ya samu, bai san ko a tudu ya sauka ko a kwari ba. Yanzu kuwa ana fara zana taswirar, a zaɓi daidai wurin da ake so, a mayar da tsinken nan guda ya sauka a can, a manna shi, a saurari ƙofofin da ke wannan wuri kaɗai.

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan ya fito ne daga nazarin zuciya. Ƙwayar tsokar zuciya, idan aka zana fuskarta, kamar gonar da aka yi wa huɗa take: kunya da kwari a jere, tazarar kusan maikuromita 2 tsakanin kwari da kwari, kuma a cikin kwarin akwai bakunan wasu ƙananan bututu da ke nutsawa cikin ƙwayar, waɗanda ke kai saƙon lantarki can ciki domin duk ƙwayar ta tsuke a lokaci guda. Ƙungiyar Julia Gorelik a Kwalejin Imperial ta nuna cewa a zuciyar da ta gaza wannan huɗa tana bajewa, bakunan bututun suna raguwa. Sannan a 2010, a wani aiki da Viacheslav Nikolaev ya jagoranci rubutawa, suka yi amfani da tsinken wajen ɗiga magani a wuri ɗaya, ko dai a bakin bututu ko a kan kunya, suna kallon martanin da ke tashi a cikin ƙwayar da wani sinadari mai ƙyalli. Suka gano cewa a ƙwayoyin lafiyayyun ɓeraye, furotin masu karɓar saƙon adirenalin, sinadarin da ke sa zuciya ta ƙara bugawa, na rukunin beta-2 suna zaune ne a cikin bututun, saƙonsu kuma ba ya wuce unguwarsu, alhali na rukunin beta-1 suna warwatse ko'ina a fuskar. A zuciyar da ta gaza kuwa, na beta-2 sun fito sun bazu a kan kunyoyin, saƙonsu ya riƙa yaɗuwa cikin ƙwayar duka. Ka lura da abin da wannan ke nufi: ba yawan masu karɓar saƙon ne kaɗai abin dubawa ba, har da mazauninsu, kuma da an niƙe tsokar an auna sinadaranta a kwalba, da wannan labari ya ɓace gaba ɗaya.

Daga nan rassa suka yi ta fitowa. Idan aka ɗan matsa ruwan da ke cikin tsinken, feshin da ke fita yana lotsa tantanin kaɗan, kuma daga zurfin lotsawar ana lissafa taurin ƙwayar wuri-wuri ba tare da gilashi ya taɓa ta ba. Akwai tsinke mai rami biyu, ɗaya na awon tsayi, ɗayan an cike shi da gawayi ya zama wayar da ke shinshino sinadaran da ƙwaya ke fitarwa. Patrick Unwin a Jami'ar Warwick ta Ingila ya yi amfani da tsinken wajen zana cajin lantarkin da ke kan fuskar ƙwaya. Paolo Actis da Nader Pourmand a Santa Cruz ta Kalifoniya kuma sun nuna cewa ana iya huda ƙwaya da gangan, a zuƙo ɗan abin da ke cikinta domin nazarin kayan gado, a zare tsinken, ita kuma ta ci gaba da rayuwarta.

Yanzu bari in faɗa maka kuɗin da ake biya, domin babu kayan aikin da ba shi da nasa. Na farko lokaci ne. Hoto mai ɗigo 128 a tsaye da 128 a kwance yana buƙatar tsalle 16,384. Idan kowane tsalle ya ci kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, hoton zai ɗauki fiye da minti biyar, kuma a cikin minti biyar ƙwaya mai rai ba ta zauna tana jiranka ba. Abin da ka zana a saman hoton da abin da ka zana a ƙasansa ba na lokaci ɗaya ba ne. Ana rage wannan ta hanyar sa na'urar ta fara leƙa kowane yanki, ta yi awo da yawa inda akwai gargada, ta yi kaɗan inda yake sumul, kuma masu bincike a Jami'ar Kanazawa ta Japan da a Lozan ta Suwizalan sun gina na'urori masu sauri ƙwarai. Amma duk da haka, saurin sauka yana da haɗarinsa, domin tsinken da ya sauko a guje yana iya wuce inda ya kamata ya tsaya. Shi ya sa maganar cewa ba ya taɓa ƙwaya gaskiya ce mai sharaɗi: gaskiya ce idan an saita tsayin tsalle da saurin sauka da kason raguwa daidai da irin ƙwayar da ke gabanka.

Na biyu, fuska kawai yake zanawa. Ba ya ganin cibiyar ƙwaya ko abin da ke cikinta, kuma idan ya nuna maka tudu ba zai gaya maka wane furotin ne ya yi tudun ba. Saboda haka kusan kullum ana ɗora shi ne a kan madubin haske mai kallo daga ƙasa, tsinken yana aunawa ta sama, lensi yana kallon sinadarai masu ƙyalli ta ƙasa. Hanyoyin haske da suka ketare iyakar Abbe, waɗanda suka ba Eric Betzig da Stefan Hell da William Moerner kyautar Nobel a 2014, abokan tafiyarsa ne, domin su suna faɗa maka sunan abin da inda yake, shi kuma yana faɗa maka siffar wurin.

Na uku shi ne haƙurin hannu, kuma wannan ba a koyonsa a takarda. Tsinke ba a ajiyarsa a yi ta amfani da shi, ana jan sabo ne a ranar aiki, wani lokaci goma ko fiye. Wajen cika shi da ruwa, kumfar iska guda da ta maƙale a wuyansa ta isa ta yanke gudanar lantarkin ɗungurungum, sai ka ɗaga shi a haske kana ɗan ƙwanƙwasa gefensa da farce har kumfar ta hau sama. Ruwan gishirin dole a tace shi da matata mai ƙananan ramuka ƙwarai. Akwai ranar da na yi kusan awa biyu ina zana wata ƙwaya, hoton yana fitowa tsaf, sai kwatsam wani dogon tudu ya bayyana a tsakiyarta, zuciyata ta buga don na zaci na ga sabon abu. Ashe ɗan datti ne ya toshe rabin bakin tsinken, gudanar ta ragu tun yana sama, na'urar kuma ta ɗauka ta iso ƙasa. Tun daga ranar ban ƙara yarda da wani tudu ba sai na sake zana wurin da sabon tsinke ya sake fitowa. Idan kuma gudanar ta yi tsalle sama farat ɗaya, to bakin ya karye, duk abin da ka zana bayan nan ya dushe. Ga girgiza: na'urar tana zaune ne a kan tebur mai shawagi a kan iska, a cikin kejin ƙarfe da ke tare hayaniyar wayoyin wutar ɗakin, amma duk da haka ƙofar da aka buga da ƙarfi a baranda takan bar layi a hoto, kuma sauyin ɗumin ɗaki yakan sa ƙarfen na'urar ya miƙe ko ya tsuke fiye da girman abin da kake aunawa.

Wannan ya kawo mu reshe na ƙarshe na tambayarka. A ɗakin gwajin asibiti, inda aiki shi ne a gane ko akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin yaro kafin likita ya rubuta magani, wannan na'ura ba ta da gurbi, kuma ba don haka aka yi ta ba. Silaid da rinin Giemsa da ƙwararren ido sun fi ta sauri da araha da dacewa. Ita kayan bincike ce, tana duba ƙwaya ɗaya ko 'yan kaɗan a wuni, tana buƙatar wutar da ba ta rawa da ɗakin da janareta ba ya girgiza shi, da kuma ɗakin rainon ƙwayoyi a kusa. Amma tambayoyin da jinin da kake dubawa kullum ke ɗauke da su suna daidai da girman abin da take aunawa. Jar ƙwayar jinin da falsifarum, wato nau'in ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mafi haɗari, ya shiga takan fitar da 'yan ƙuraje a fuskarta, girmansu wajen nanomita 100 ko ƙasa, kuma da su take manne wa bangon ƙananan jijiyoyin jini, abin da ke cikin dalilan tsananin cutar. A ciwon sikila kuma, taurin ƙwayar da sauyin siffarta idan iskar oksijin ta yi ƙaranci su ne tushen toshewar jijiyoyin. Siffar fuska da tauri a ƙwaya mai rai su ne ainihin abin da tsinken ke aunawa.

Idan zuciyarka ta karkata ga wannan fanni, abin da za ka ƙarfafa tun yanzu shi ne ilimin lantarki na farko, musamman dokar Ohm da yadda ayon ke gudana a ruwan gishiri, da ilimin yadda tantanin ƙwaya ke aiki, da rainon ƙwayoyi cikin tsabta, da ɗan rubuta umarnin kwamfuta domin sarrafa awo. Wajen neman gurbin karatu na gaba kuma, ka duba ɗakunan binciken da ke aikin manna tsinke a tantani domin sauraren ƙofofin ayon, domin sun fi masu SICM yawa a jami'o'in duniya, kuma na'urar jan gilashin da wayar azurfar da na'urar ƙara ƙarfin siginar duk iri ɗaya ne. Wanda ya iya jan tsinke, ya cika shi babu kumfa, ya karanta lafiyarsa daga gudanar lantarkin da ke kan allo, ya riga ya mallaki mafi yawan abin da hannu ke buƙata, sauran kuma saitin fiyezo ne da kwamfuta, waɗanda ake koya cikin 'yan watanni a gaban na'urar.